Shin Yini Yana Gajarta? Bayani Kan Juyawar Duniya Da Lokutan Salla

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, tambayoyi sun yawaita gare mu, daga ɗalibai da kuma wasu limamai, game da saƙonnin da ke yawo a WhatsApp da Facebook. Wani saƙon yana cewa duniya ta ƙara sauri, yini ya gajarta, don haka alamar tashin kiyama ta bayyana. Wani kuma yana cewa ƙasar Sin ta gina madatsar ruwa da ta rage wa duniya gudu, har jadawalin salla da ke rataye a masallatai ya daina aiki. Mun ga dattijon da ya shiga waswasi a kan buɗa-bakinsa saboda irin wannan magana. Abin da ya taɓa salla da azumi ba a barinsa a hannun ji-ta-ji-ta, saboda haka muka ga ya wajaba mu yi bayani daki-daki. A cikin wannan rubutu, idan muka ce yini muna nufin dare da rana gaba ɗaya, wato awa 24.

Juyawar duniya

Duniya tana juyawa a kan kanta daga yamma zuwa gabas, kamar yadda mazari ke juyawa a hannun mai kaɗi. Layin da take juyawa a kansa shi Larabawa ke kira mihwari, mu kuma za mu ce masa sandar juyi. Bakinta biyu su ne ƙuɗubin arewa da ƙuɗubin kudu. Wurin da ya fi nisa da sandar shi ne ƙugun duniya, wato layin ikwaita, inda ƙasa ke gudun kimanin kilomita 1,670 a awa. A Yamai gudun ya kai kimanin kilomita 1,620 a awa. Ba ma jin wannan gudu domin da mu da iska da gidajenmu duk tare muke tafiya.

Mun san cewa akwai malamai masu daraja da suka yi tawakkufi a kan juyawar ƙasa, kuma muna ganin girmansu. Magana ce tsohuwa: Albiruni, wanda aka haifa a shekarar 973 Miladiyya, ya tattauna ta tun zamaninsa. Sai dai hujjoji na gani da ido sun zo daga baya. A shekarar 1851 Léon Foucault ya rataye wani ƙarfe mai nauyi da doguwar waya a birnin Paris, mutane suka ga layin lilonsa yana karkata sannu a hankali saboda ƙasa na juyawa a ƙarƙashinsa. Haka nan farantin talabijin da ke kan rufin gidajenmu yana fuskantar wuri guda dare da rana, domin tauraron ɗan adam ɗin da yake kallo yana kewayawa a nisan kimanin kilomita 35,800 daidai da juyawar ƙasa.

Ƙa'ida ta farko: jarin juyi

Ɗalibi zai iya gwada wannan a gida. Ka sami bututun biro wanda ba kowa a ciki, ka zura zare, ka ɗaura ɗan dutse a bakin zaren na sama. Ka riƙe bututun da hannu ɗaya ka kaɗa dutsen ya riƙa kewayawa, ɗaya hannun yana riƙe da zaren ta ƙasa. Sa'an nan ka ja zaren. Da zarar dutsen ya matso kusa da bututun za ka ga ya ƙara sauri, idan ka sassauta ya yi nisa kuma sai ya lafa.

Dalili shi ne duk abin da ke juyawa yana da wani adadi da masana suka gano ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, matuƙar ba wani abu daga waje da ya murɗa shi. Da Larabci ana ce masa azzakhmuz zawi, mu za mu kira shi jarin juyi. Ana samunsa ta hanyar ninka abu biyu: saurin juyawa, da kuma bazuwar nauyi, wato yawan nauyin da irin nisan da ya yi daga sandar juyi. Tunda jarin ba ya canzawa, idan bazuwar ta ƙaru dole sauri ya ragu, idan ta ragu dole sauri ya ƙaru.

Nisa ya fi nauyi tasiri a wannan lissafi, domin ana ninka shi sau biyu. Dutsen da aka jawo zuwa rabin nisansa, bazuwarsa takan koma kashi ɗaya cikin huɗu, saurin juyawarsa kuma ya ninka sau huɗu. Iyayenmu mata masu kaɗi sun san wani ɓangare na wannan a aikace: gululu mai faɗi ya fi wuyar tayarwa, amma idan ya tashi ya fi daɗewa yana juyawa.

To haka duniya take. Duk nauyin da ya tashi daga wajen ƙuɗubi ya koma wajen ikwaita ya yi nisa da sanda, sai duniya ta ɗan lafa, yini ya ɗan tsawaita. Nauyin da ya matsa wajen ƙuɗubi, ko ya nutsa cikin ƙasa, ya kusanci sanda, sai yini ya ɗan gajarta.

Ƙa'ida ta biyu: kuzarin juyi

A nan ne ɗalibai suka fi ruɗewa, domin suna haɗa jari da kuzari, alhali abubuwa biyu ne. Kuzari, wanda Larabawa ke kira ɗaƙa, shi ne abin da ake iya yin aiki da shi. Kuzarin abu mai juyawa shi ne rabin jarinsa a ninka da saurinsa. Tunda jari a tsaye yake, kuzari yana bin sauri: dutsen da saurinsa ya ninka sau huɗu, kuzarinsa ma ya ninka sau huɗu.

Sai mai hankali ya tambaya: daga ina wannan ƙarin ya fito, alhali an koya mana cewa kuzari ba ya samuwa daga babu? Amsa tana hannun da ya ja zaren. Lokacin da kake ja za ka ji dutsen yana turjewa, yana neman ficewa waje. Ƙarfin da ka kashe wajen rinjayarsa shi ne ya koma kuzarin juyi. Idan kuma ka sassauta, dutsen ne ke jan hannunka, kuzarin ya fita daga juyi ya koma hannunka, ya ƙare a matsayin ɗumi.

A duniya, abin da ke tsaye a matsayin hannun nan shi ne ƙarfin jan ƙasa, wanda ke sa duk abin da aka saki ya faɗo. Idan girgizar ƙasa ta sa wani ɓangare mai nauyi ya nutsa, kuzarin faɗuwar nan yakan rabu: mafi yawansa ya zama zafi da girgiza, wani ɗan kaso ya shiga juyawar duniya. Idan kuma ruwa ya gangaro daga ƙanƙarar ƙuɗubi ya bazu zuwa tekunan ikwaita, juyawar duniya ce ke taimaka masa ya yi nisa da sanda, don haka kuzarin juyi yakan ragu, ya koma wani nau'i. Babu abin da ya ɓace, babu abin da ya zo daga babu. Komai a kan ma'auni yake, kamar yadda Mahalicci Ya tsara.

Wannan turawa waje ita ce ta sa duniya ta kumbura a ƙugu. Daga tsakiyarta zuwa ikwaita kilomita 6,378 ne, zuwa ƙuɗubi kuwa 6,357, bambancin kilomita 21.

Domin a gane girman abin, mu san awon da ake amfani da shi. Milisakan shi ne kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan. Maikurosakan kuwa kashi ɗaya cikin miliyan. Amma saboda girman duniya, idan yini ya canza da maikurosakan ɗaya tak, kuzarin da ya shiga ko ya fita ya kai kimanin awon terawat 690, wanda ya zarce wutar lantarkin da ƙasar Faransa ke samarwa a shekara guda. Abin da ba ya ko motsa agogonmu, ga shi ya fi ƙarfin dukkan injunan babbar ƙasa. Wannan kaɗai ya isa wa'azi ga mai girman kai.

Abubuwan da ke motsa nauyi a bayan ƙasa

Na farko, girgizar ƙasa. Richard Gross na hukumar NASA ya lissafa cewa girgizar da ta auku a Japan ranar 11 ga Maris 2011 ta gajarta yini da kimanin maikurosakan 1.8. Ta ƙasar Chile ta 27 ga Fabrairu 2010 an lissafa mata 1.26. Ta Sumatra ta 26 ga Disamba 2004, wadda igiyar ruwanta ta hallaka mutane sama da 200,000, mafi yawansu ƴan'uwanmu Musulmi na Aceh, Allah Ya jiƙansu, an fara lissafa mata 2.68, daga baya aka gyara zuwa 6.8. Waɗannan adadi na lissafi ne, domin sun yi ƙanƙanta da a ware su daga sauran canje-canjen yau da kullum.

Na biyu, madatsun ruwa. Madatsar Three Gorges da ke kan kogin Yangtze a ƙasar Sin, wadda saƙon nan ke magana a kai, tana ɗaukar ruwa kimanin tan biliyan 40. Benjamin Fong Chao, shi ma a lokacin yana NASA, ya lissafa cewa cikarta za ta tsawaita yini da maikurosakan 0.06. Ga abin da masu yaɗa saƙon ba su lura da shi ba: tafkin Volta na ƙasar Ghana, wanda madatsar Akosombo ta tara tun shekarar 1965, yana ɗaukar kimanin tan biliyan 148, kuma ya fi kusa da ikwaita. Bisa ƙa'idar da muka ambata tasirinsa ya fi na madatsar Sin nesa ba kusa ba. Duk da haka ƴan'uwanmu na zangunan Kumasi da Tamale da Accra sun shekara kusan sittin suna salla a kan lokaci, ba wanda ya ga canji.

Na uku, ƙanƙara. Ƙanƙarar Greenland da ta Antaktika tana narkewa saboda ɗumamar yanayi, ruwan yana barin ƙuɗubi yana bazuwa a tekuna. Wani bincike na jami'ar ETH da ke Zurich da aka wallafa a 2024 ya nuna cewa tun daga shekarar 2000 wannan yana tsawaita yini da gwargwadon milisakan 1.33 a duk shekara ɗari. A ɗaya ɓangaren, ƙasar Kanada da yankin Sweden da Finland, waɗanda tsohuwar ƙanƙara ta danne dubban shekaru da suka wuce, har yanzu suna tasowa, a wasu wurare kusan santimita ɗaya a shekara. Wannan yana janyo nauyin cikin ƙasa zuwa wajen ƙuɗubi, sai ya ɗan gajarta yini.

Na huɗu, ruwan ƙarƙashin ƙasa. Binciken Ki-Weon Seo na Jami'ar Seoul, wanda ya fito a 2023, ya kiyasta cewa tsakanin 1993 da 2010 mutane sun zuƙo kimanin tan biliyan 2,150 daga rijiyoyi, musamman a yammacin Amurka ta Arewa da arewa maso yammacin Indiya, ruwan ya ƙare a teku. Wannan ya gusar da wurin da sandar juyi ke ɓullowa a bayan ƙasa da kimanin santimita 80.

Na biyar, iska da narkakken ƙarfen da ke cikin cibiyar duniya. Waɗannan suna karɓar aron jari ne daga busasshiyar ƙasa, su mayar. Idan iskokin sama masu tafiya gabas suka yi ƙarfi, ƙasa takan lafa, idan suka lafa takan ƙara sauri. Wannan ne ya sa yini ke canzawa da kimanin milisakan ɗaya tsakanin lokutan shekara, kuma mafi gajartar yini kan faɗo a wajajen Yuli da Agusta. Tasirin iska kaɗai ya ninka na babbar girgizar ƙasa sau ɗaruruwa.

Wata, da gudummawar malaman Musulunci

Duk abubuwan da muka lissafa a cikin gida suke. Wanda ke rage jarin duniya daga waje shi ne wata, sai rana a bayansa. Jan wata yana ɗaga ruwan teku, ruwan yana gogar gaɓa da ƙasan teku, sai ya zama wa duniya kamar birki. Jarin da duniya ta rasa yana komawa ga kewayen wata, shi ya sa wata ke ƙara nisa da santimita 3.8 a shekara. Ana auna wannan da hasken leza da ake harbawa zuwa madubin da aka ajiye a kan wata tun 1969. Mafi yawan kuzarin da ya fita yakan zama zafi a cikin teku.

Ta yaya aka san yadda yini yake shekaru dubu da suka wuce, alhali babu agogon zamani? Ta hanyar husufin rana da na wata. Ibnu Yunus, masanin falaki na Alƙahira wanda ya rasu a 1009 Miladiyya, ya rubuta husufai da dama a cikin littafinsa Azzijul Hakimi, yana ambaton tsayin rana ko tauraro a farkon husufi da ƙarshensa. Albattani, wanda ya rasu a 929, shi ma ya bar irin wannan awo daga garin Raƙƙa. Richard Stephenson na Jami'ar Durham da abokan aikinsa sun haɗa waɗannan da bayanan Babila da Sin da Turai, daga shekara 720 kafin Miladiyya zuwa 2015, suka fitar da cewa yini yana tsawaita da kimanin milisakan 1.8 a duk shekara ɗari. Magabatanmu sun yi awon ne da tsanaki, a zamanin da ilimin falaki ke hidimar lokutan salla da alƙibla, ga shi bayan shekara dubu duniya tana cin amfaninsa.

Hukuncin lokutan salla da alƙibla

Gaskiya ne a ƴan shekarun nan duniya ta ɗan ƙara sauri. Ranar 5 ga Yuli 2024 ta gaza awa 24 da milisakan 1.66, kuma ita ce mafi gajarta tun da aka fara awo da agogon atam. To mene ne milisakan 1.66? A Yamai ƙasa tana tafiyar kimanin mita 450 a sakan, don haka a wannan ɗan lokaci santimita 75 kawai take gusawa. Liman da ke tsaye gaban sahun farko, yana fuskantar gabas, rana tana riga faɗuwa a wurinsa kafin mamunsa da abin da ya fi haka. Shari'a ba ta taɓa ɗora wa kowa lura da irin wannan ba.

Sa'an nan shari'a ta rataya lokutan salla ne ga rana: ketowar alfijir, zawali, tsawon inuwa, faɗuwar rana da ɓacewar shafaƙi. Agogo da jadawali masu hidima ne ga waɗannan alamomi. Kuma akwai hukuma mai suna IERS, wadda cibiyarta ta wannan aiki ke Paris, da ke lura kada agogon duniya ya saɓa wa juyawar ƙasa da fiye da kashi tara cikin goma na sakan. Idan ƙananan bambance-bambancen suka taru sai a ƙara sakan guda. An yi haka sau 27 daga 1972, na ƙarshe ranar 31 ga Disamba 2016. A 2022 ƙasashe suka amince za a sauya wannan tsari nan da 2035.

Alƙibla ma ba ta gusa ba. Ita fuska ce daga wurin da kake zuwa Ka'aba, tsakanin Yamai da Makka kuwa akwai sama da kilomita 4,000. Gusawar ƙuɗubi da santimita 80 ba ta ɗauke Makka daga wurinta ba, ba ta ɗauke masallacinku ba.

Kuskuren da ya kamata mu ji tsoro yana kusa da mu. Rana tana riga faɗuwa a Damagaram kafin Yamai da kusan minti 28, a Difa kuwa da kimanin minti 42. Mutumin Yamai ko Dosso da ya sha ruwa da kiran sallar da ya ji a rediyo daga gabas ya ci abinci da rana tsaka a hukunce. Haka wanda wayarsa ke saite a kan wani gari bai sani ba. Muna kira ga kwamitocin masallatai su tabbatar jadawalin da suka rataya na garinsu ne, su kuma riƙa gwada shi da ido lokaci zuwa lokaci.

Game da alamomin kiyama

Ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa kusantar zamani tana cikin alamomin tashin kiyama, kuma mun yi imani da haka. Malamai sun yi bayanin ma'anarsa ta fuskoki da dama. Imamun Nawawi da Ibnu Hajar sun karkata ga cewa cire albarka ne daga lokaci, mutum ya wayi gari ya kai dare bai tsinana abin da magabata ke yi a sa'a guda ba. Wannan kowa yana jinsa a jikinsa. Amma ɗaukar hadisin a ɗora shi a kan milisakan kuskure ne, domin awon da mai yin haka ya dogara da shi shi ne kuma ke nuna cewa a tsawon ƙarnoni yini tsawaita yake yi. Idan gobe aka sanar cewa duniya ta lafa, me zai ce wa mutanen da ya tsorata? Haka nan masu cewa lafawar duniya ita ce hanyar fitowar rana daga yamma. Mun gaskata fitowarta kamar yadda Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya ba da labari, amma yaushe da kuma ta yaya, saninsa yana wurin Allah. Wanda ya ɗaure nassi tabbatacce da labarin jarida, ranar da labarin ya warware zai jefa raunanan mutane cikin shakka.

Allah Ya umarce mu a Suratul Hujurati da bin diddigin labari kafin aiki da shi. Saboda haka kada ɗayanmu ya tura saƙo don kawai an rubuta sunan NASA ko an liƙa masa aya. Ya tambayi adadin, ya tambayi masana.

Abin da ya cancanci damuwarmu a cikin wannan bayani shi ne dalilan da ke bayan alƙaluman. Ƙanƙarar da ke narkewa alama ce ta zafin da manomanmu da makiyayanmu ke fama da shi. Ruwan da ake zuƙowa daga ƙarƙashin ƙasa kuwa, a wurare da yawa ya ɗauki dubban shekaru kafin ya taru. Rijiyoyin burtsatse suna ƙaruwa a garuruwanmu, ni'ima ce, amma amana ce. An hana mu almubazzaranci da ruwa ko a wurin alwala, to ina ga famfon masallaci da ake bari yana zuba dare da rana?

Ga ɗalibanmu kuma, muna cewa ku riƙi lissafi da ilimin falaki tare da fiƙihu. Al'ummar da ke da salloli biyar masu lokaci, da azumi mai bin wata, da alƙibla guda, ba ta da uzurin rasa masana wannan fanni a cikinta.

Allah ne Mafi sani. Muna roƙon Allah Ya sanya albarka a lokutanmu, Ya karɓi sallolinmu da azuminmu, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta.